Dekin plaza na yoyo: a shimfiɗa felti, a shafa fentin roba, ko a ɗora kwano?

Yawancin plazoji da jerin shagunan da ake ginawa a Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato rufinsu ɗaya ne cikin biyu: ko dekin kankare da aka bari a buɗe da niyyar ƙara hawa wata rana, ko kwanon da aka ɓoye a bayan farafet, wato gajeren bangon da ke zagaye rufi, ruwansa na zuba cikin gotar kankare. Duka biyun suna yoyo. A ginin kasuwanci kuwa ɓarnar ba ta tsaya ga tabon silin ba. Dilar atamfa a Kantin Kwari, buhun sukari ko fulawa a Singa, hatsi a Dawanau, kwalin magani a sito, dare ɗaya na ruwan Agusta ya isa ya lalata abin da ya fi kuɗin gyaran rufin gaba ɗaya. Ga ɗan haya da zai riƙe kuɗin haya ko ya tashi. Ga kuma rodin da ke cikin dekin: idan ruwa ya kai gare shi ya yi tsatsa, yakan kumbura ya tsaga kankaren da ya lulluɓe shi, sai a ga ɓaraguzai na faɗowa daga sama, rodi a waje.

Hanyoyin da ake bi a yau huɗu ne: felti mai kwalta da ake liƙawa da wuta, fentin roba da ake shafawa, siminti na musamman mai haɗin roba, da kuma rufe dekin baki ɗaya da dogon kwano. Kowanne yana da inda ya dace. Amma babu ɗaya cikinsu da zai yi aiki a kan rufin da ruwa ba ya sauka daga kansa, don haka daga nan ya kamata a fara.

Gangare da bututu tukuna

Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ɗauki rufi mai tsawon mita 20 da faɗin mita 20, wato murabba'in mita 400. Idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, lita 20,000 ce ta sauka a kansa, nauyin tan 20. Damuwar ba ta yawan ruwan shekara ba ce, ta ƙarfin saukarsa ce a cikin minti 15 ko 20 na farko. Idan ana tsuga shi da ƙarfin milimita 150 a awa, kowane murabba'in mita 100 yana tara sama da lita 4 a sakan ɗaya. Bakin bututu mai inci 4, idan ruwa ya hau kansa da santimita 5, abin da yake iya haɗiyewa bai wuce lita 4 zuwa 5 a sakan ba. Lissafin ke nan: bututu ɗaya mai inci 4 ga kowane murabba'in mita 100. Rufin da muka ɗauka misali yana bukatar huɗu, kuma shida sun fi kwanciyar hankali. Abin da aka fi tararwa a plazoji shi ne biyu masu inci 3, ɗaya ma leda ta toshe shi tun hunturu.

A sa wa kowane baki raga mai kumburi, irin wadda ganye da leda za su tsaya a gindinta ruwa ya wuce ta sama. Sannan a huda farafet a sa indararo, kamar santimita 5 sama da bakin bututu. Aikinsa biyu: yana fitar da ruwa idan bututu ya toshe, kuma duk ranar da maigadi ya ga ruwa na zubowa daga gare shi ya san akwai toshewa. Maginan soro ba su taɓa yin rufi babu indararo ba, masu dekin ne suka yar da shi don wai yana ɓata fuskar gini. Ruwan da ya kwanta santimita 15 kilo 150 ne a kan kowane murabba'in mita, kuma wannan shi ne kusan duk nauyin da injiniya ke ware wa rufin da ake hawa.

Gangare mafi ƙaranci shi ne 1 cikin 80, wato santimita 1.25 a kowace mita. Gwani yakan nufi 1 cikin 40 ko 1 cikin 60, domin hannun birkila ba ya fitar da abin da aka zana daidai, dekin kuma yakan ɗan lotsa a tsakiya. Ana fitar da gangaren da kwaɓin siminti 1, yashi mai kaifi 4, a bar kaurinsa santimita 3 a bakin bututu, ya riƙa hawa. Nan akwai tarko. Idan ruwa zai yi tafiyar mita 10 kafin ya kai bututu, kaurin zai kai santimita 15 da rabi a can sama, matsakaicinsa 9, kusan kilo 190 a kowane murabba'in mita. Idan aka ƙara bututu aka mayar da tafiyar mita 5, matsakaicin ya sauko 6, kimanin kilo 130. Ƙarin bututu ya fi ƙarin kwaɓi araha da sauƙi, kuma a tsohon gini kada a zuba ko kwano ɗaya na kwaɓi sai injiniyan gini ya duba. Gwajin gangare mai sauƙi ne: duk inda ruwa ya kwana biyu bayan an ɗauke, wajen yana da matsala. A zagaye shi da alli.

Kafin a shiga kwatanci, a cire abubuwa uku daga lissafi. Narkakkiyar kwalta da ake dafawa a durom a kwarara a kan deki tana malala a zafin Afrilu, ta tsattsage a sanyin Janairu, damina ɗaya take yi. Ruwan siminti da ake watsawa a share da tsintsiya ba shi da kauri ba shi da miƙewa, tsagar da ke ƙasa tana fitowa ta cikinsa a 'yan makonni. Tayil kuma ba ya hana ruwa. Ruwan yana bin layukan da ke tsakani, ya kwanta a ƙarƙashi, sai ya zama an ɓoye yoyon, an kuma ƙara wa mai gyara aikin fasawa.

Dalilin da ya sa waɗannan ke faɗuwa shi ne motsi. Dekin mai tsawon mita 30, idan zafinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin tsakar rana da asuba, yana miƙewa da komawa kusan milimita 9. Duk abin da za a sa a kansa dole ya bi shi.

Felti na wuta

Wannan shimfiɗa ce ta kwalta da aka gauraya da roba, da zaren foliyesta a tsakiyarta. Tana zuwa a naɗe, faɗin mita 1, tsawon mita 10, kauri milimita 3 ko 4. Iri biyu ne a kasuwa, APP da SBS, gwargwadon irin robar da aka gauraya a ciki. Na farkon ba ya yin laushi sai zafi ya kusanci digiri 150, na biyun yana saki tun wajen 110 zuwa 120, amfaninsa ya fi fitowa a ƙasashen da ake ƙanƙara. Baƙin rufi a Maiduguri ko Sakkwato yana kai digiri 70 zuwa 80 da rana, don haka APP ne namu. A nemi mai milimita 4, mai foliyesta a ciki. Mai zaren gilashi ya fi araha amma yana yagewa idan tsaga ta buɗe a ƙarƙashinsa.

Tsarin aikin: a bar sabon kwaɓi ya sha ruwa kwana 7, sannan ya bushe sarai, kankare sabo kuwa sai ya cika kwana 28. A share ƙura. A kusurwar da deki ya haɗu da farafet a cike da kwaɓi a yi ɗan gangare mai santimita 5, domin felti ba ya son lanƙwasa mai kaifi, nan yake fara karyewa. A shafa firama ta kwalta, wato shafin farko da ke sa felti ya kama, kamar lita 0.3 a murabba'in mita, a bar ta ta bushe har ta daina kama yatsa. A fara shimfiɗa daga bakin bututu ana hawa, yadda kowane layi zai hau kan na ƙasa da shi. Gefe da gefe su hau juna da santimita 10, kai da kai da santimita 15. Mai wuta yana gasa ƙasan naɗin yana turawa, kuma alamar ya kama ita ce siririn layin kwalta da ke ɓullowa a bakin haɗin. Idan babu wannan layi, haɗin bai kama ba. Idan kuma zaren ciki ya bayyana, an ƙone shi.

Inda aka fi cin amanar aiki shi ne jikin farafet. Felti ya hau bango aƙalla santimita 15 sama da fuskar rufi, santimita 30 ya fi. A tsaga layi a bango mai zurfin santimita 2 da rabi, a cusa bakinsa ciki, a toshe. Idan aka liƙa shi kawai a kan filasta, rana za ta ɓamɓare bakin, ruwan da ke gangarowa daga bango ya shige ta baya. Saman farafet ɗin ma a rufe shi da murfin kankare ko na alminiyam mai karkata zuwa ciki, don bulo mai rami yana shan ruwa daga sama ya kai shi har ƙarƙashin felti. A bakin bututu kuma felti ya shiga ciki, ba a yanke shi a gefe ba.

Ga rufin murabba'in mita 400 mai farafet na mita 80, hawan bango na santimita 30 ya ƙara murabba'in mita 24, jimla 424. Bayan an cire hawan juna, naɗi ɗaya yana rufe kusan 8.8, ke nan naɗi 49, a sayi 52 saboda yanka da faci. Firama kamar lita 130.

Rana ce ke kashe kwalta. Ko dai a sayi felti mai tsakuwa a samansa, ko a shafa masa fenti mai ruwan azurfa ana sabuntawa duk shekara 2 zuwa 3. Idan ana hawa rufin, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa a zuba kwaɓi santimita 4 zuwa 5, a yanka shi gida-gida duk mita 3. Wannan kariya tana tsawaita ransa sosai, sai dai ranar da ya huje, gano wajen sai an fasa.

Ƙarfin felti shi ne kaurinsa daga masana'anta yake, lebura ba zai iya tsinka shi da ruwa ba. Yana jure ɗan kwanciyar ruwa. Aiki mai kyau yakan kai shekara 10 zuwa 15. Rauninsa haɗe-haɗe ne: rufin misalinmu yana da layin haɗi sama da mita 400, kuma tafin hannu ɗaya da bai kama ba ya isa. Idan aka shimfiɗa shi a kan deki mai laima, tururi zai tayar da shi ya yi ƙuraje. Sai batun wuta. A saman shagunan yadi, katifa ko fenti, kada a kunna tocin gas sai da abin kashe gobara a gefe, kuma mutum ya zauna yana dubawa aƙalla awa ɗaya bayan an kashe.

Fentin roba: akirilik da PU

Mai sayarwa yakan kira su da suna ɗaya, alhali tazararsu babba ce.

Akirilik da ruwa ake haɗa shi, ba ya wari, kowane mai fenti zai iya shafa shi da rola. Farinsa yana mayar da zafin rana, masu shagon hawa na sama za su ji bambanci a watan Maris. Amma ba ya jure ruwan da ya kwanta: yana jiƙa ya yi laushi ya ɗaye. Kuma idan aka shafa shi da tsakar rana a kan deki mai zafi, samansa ya bushe kafin cikinsa, sai ya yi ƙananan huji. Ana bukatar kamar kilo 1.5 a murabba'in mita, shafi uku, da ragar zare a tsakanin na farko da na biyu, aƙalla a kusurwoyi da kan tsaga. Duk shekara 3 zuwa 5 sai an wanke an ƙara shafi. Wurinsa shi ne rufi mai gangare sosai wanda ba a takawa, da jikin farafet.

PU, wato foliyuretan, wani abu ne daban. Idan ya bushe yana zama roba ɗaya babu haɗi, yana miƙewa ya bi tsaga, yana kuma jure kwanciyar ruwa fiye da akirilik nesa ba kusa ba. A rufin da ya cika da ƙafafun tanki, injinan AC, ƙarafan sola da bututai, ya fi felti, domin burushi yana zagaye kowace ƙafa, felti kuwa sai an yi ta yanka ana faci. Ana shafa kilo 1.5 zuwa 2 a murabba'in mita, sau biyu ko uku, a samu kauri sama da milimita 1. Ga murabba'in mita 424, kimanin kilo 760 ne, bokiti 31 masu kilo 25. Mafi yawan nau'o'insa suna bukatar wani shafi na sama da ke kare su daga rana, kuma takardar masana'anta ce ke da magana ta ƙarshe a kan adadi.

Sharaɗinsa mai tsanani ne: dekin ya bushe ƙarƙaf. Laima tana sa shi kumfa. Gwajin da ake yi shi ne a yanko leda santimita 45 a kowane gefe, a liƙe bakinta da tef a kan dekin, a bar ta awa 16. Idan an ɗaga an ga gumi a jikinta ko kankaren ya yi duhu, a jira. Matsala ta biyu ita ce kaurin a hannun ma'aikaci yake. Rufin da aka shafa wa rabin adadi da wanda aka cika wa, a ido ɗaya suke ranar da aka gama. Maganin wannan shi ne mai gini ya sayi kayan da kansa, a raba rufin gida-gida da alli, a san bokiti nawa kowane gida zai sha, a kuma ƙirga bokitan da aka juye. Shafi na biyu ya zama kalarsa daban da ta farko don a ga inda aka tsallake.

Siminti mai haɗin roba

Gari ne da ruwan roba da ake kwaɓawa tare a shafa da burushi sau biyu, kauri milimita 2, kilo 3 zuwa 4 a murabba'in mita. Shi kaɗai ne a cikinsu yake son fuska mai ɗan laima, kuma yana kama kankare kamar jikinsa. Bai cika miƙewa ba, don haka a buɗaɗɗen deki mai faɗi tsaga tana cin sa. Inda ya yi fice shi ne cikin gotar kankare, wajen da matsatsi ke hana mai wuta aiki da kyau, da kuma ƙarƙashin tayil a baranda.

A ɗora kwano a kan dekin

Wannan hanya tana raba dekin da ruwa da rana gaba ɗaya. Motsin zafi ya ragu, shagunan sama su yi sanyi, kuma idan yoyo ya zo ana ganin wajen da ido. Dogon kwanon alminiyam, wanda ake yankawa daidai tsawon rufi, yana zuwa da kauri 0.45, 0.55 da 0.7 na milimita. Ga ginin kasuwanci kada a sauko ƙasa da 0.55, kuma a auna shi da ma'aunin kauri a gaban mai sayarwa, don abin da aka rubuta a rasit ba kullum yake zama abin da aka ɗora a mota ba. Alminiyam ba ya tsatsa, yana iya wuce shekara 25. Abin da ke fara mutuwa shi ne robar da ke ƙarƙashin kan sukuru, wadda rana ke busarwa, don haka a nemi mai EPDM, nau'in robar da ke jure rana, a ɗaure a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, kuma kada a matse har robar ta fantsamo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwantar da kwano don ya ɓuya a bayan farafet. Rufi mai faɗin mita 20 da tsororuwa a tsakiya yana da mita 10 kowane ɓangare. Karkatar digiri 10 tana bukatar tsororuwar ta tashi mita 1.76, ta digiri 5 kuma santimita 87. Farafet ɗin da aka saba yi bai wuce mita 1 ba, sai kafinta ya danne rufin ƙasa da digiri 5. Daga nan iska ta riƙa tura ruwa baya ta ƙarƙashin haɗi, ƙurar hunturu ta kwanta a kwari ta riƙe laima. Idan kwanon falle ɗaya ne daga sama har gota, digiri 5 shi ne iyaka. Idan akwai haɗi a tsakiya, digiri 10, a hau juna da santimita 20.

Gotar da ke bayan farafet ita ce inda irin wannan rufi ke kayar da mai shi. Duk ruwan rufin yana taruwa a cikinta, a daidai saman bangon shaguna. Faɗinta kada ya gaza santimita 45 don mutum ya iya shiga ya share, a ba ta gangare, a shafe cikinta da siminti mai haɗin roba ko PU, a sa mata bututu bisa lissafin da ya gabata da indararo a kowane ƙarshe. Bakinta na ɓangaren kwano ya fi indararon tsawo, in ba haka ba ranar da ta cika cikin gini za ta amayar. Inda fili ya bari, a fito da kwanon ya zarce bango da santimita 60, gota ta zama a waje. Ba ya burgewa kamar ɓoyayyen rufi, amma idan gotar ta cika ƙasa take zubarwa.

Sai iska. Kwano mai 0.55 bai kai kilo 2 a murabba'in mita ba, kuma guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko, daga Afrilu zuwa Yuni, ɗaga rufi take yi daga gefuna da kusurwoyi. Katakon da rafta, wato katakan da ke gangarowa daga tsororuwa, ke zaune a kansa dole a ɗaure shi da kankare da rodi ko bol, ba ƙusa kawai ba. Katakon giciye da ake ɗaure kwano a kansa kada tazararsa ta wuce santimita 90, a matse ta zuwa 60 a gefuna, a kuma ninka sukuru a can. Katako a jiƙa shi da maganin gara kafin a ɗora. Idan faɗin ya yi yawa, ƙarfe ya fi. Kwano mai tsawon mita 12 yana miƙewa kusan milimita 11 idan zafi ya sauya da digiri 40, don haka kada a binne bakinsa cikin filasta: zai tsaga ta, ɗanyen siminti kuma yana cin alminiyam. A yi amfani da lanƙwasasshen falle da aka cusa a bango ya sauko ya rufe bakin.

Kuɗin farko na kwano yawanci ya fi na sauran, kuma dekin ya tashi daga aiki: tanki sai an gina masa hasumiya, injinan AC su koma bango.

Wanne ya dace da wane gini

Tambayar da ke raba gardama ita ce me ake yi a saman. Idan babu komai, kuma maganar ƙara hawa ta shekara goma ana yinta ba a fara ba, a ɗora kwano. Idan aka raba kuɗin da shekarun da zai yi, shi ne mai araha, musamman a sito da shagunan da kayansu ba sa son laima. Ranar da aka tashi ƙara hawa, a kwance shi a mayar sama.

Idan ginin zai ci gaba nan da shekara 2 ko 3 da gaske, a gyara gangare, a toshe tsaga, a shafa akirilik da raga. Rodin ginshiƙai da aka bari a tsaye a zuba musu ɗan kankare mai rauni a gindi, don ta jikinsu ruwa ke bi ya shiga.

Deki mai faɗi, buɗaɗɗe, mai tanki ɗaya ko biyu, felti mai milimita 4 ne nasa. Deki mai tarkacen injina da ƙarafa, PU, muddin an samu ma'aikacin da ya taɓa yi kuma za a iya zuwa a ga aikinsa da ya sha damina biyu. Inda babu irin wannan hannu, felti a hannun gwani ya fi PU a hannun ɗan koyo. Tsohon felti da ya yi ƙuraje ko ruwa ya shiga ƙarƙashinsa a ɓamɓare shi duka. Sabo a kan jiƙaƙƙen tsoho asarar kuɗi ce.

Kowanne aka zaɓa, tankin lita 2,000 tan 2 ne, a zaunar da shi a kan dakali daidai saman ginshiƙi ko bim, wato ginshiƙin kwance da ke ɗauke da deki, a kuma ja bututun ambaliyarsa zuwa magudana. Tankin da ke zuba kullum yana jiƙa rufi har da rani. Masu sa dish da sola kada su huda dekin. A zuba musu tubalan kankare a kan shimfiɗar su ɗaure a jiki.

Lokacin aiki da karɓarsa

Daga Nuwamba zuwa Maris ake wannan aiki. A Oktoba dekin bai gama fitar da ruwan da ya sha ba, a Mayu kuma hadari na iya tasowa aiki na rabi. Wahalar hunturu ƙura ce: a share kafin firama, a sake sharewa kafin kowane shafi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha, a duba shi a ja wa ɗan kwangila wa'adi. A Jos da kudancin Kaduna ruwa yana riga na Kano da Katsina sauka da makonni.

Kada a karɓi felti ko fenti sai an gwada. A toshe bututai da indararo, a cika rufin da ruwa santimita 5 a wuri mafi tudu idan injiniya ya yarda da nauyin, in ba haka ba a tare shi ɓangare-ɓangare da buhunan yashi. A bar shi awa 24 zuwa 48, a bi shagunan ƙasa da tocila. Ana yin wannan kafin a zuba kwaɓin kariya. A tuna cewa inda ruwa ya ɗigo a silin ba lallai ne nan ya shiga ba, yakan bi bututun waya ko ƙasan bim ya yi mita da yawa. A felti, a bi haɗe-haɗen da bakin cokalin birkila ana gwada ɗagawa. A rubuta a yarjejeniya sunan kaya, kauri, adadin naɗi ko bokiti, da cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin aiki, kamar kashi 10 cikin 100, har ƙarshen Satumba.

Bayan haka a ɗora wa mutum ɗaya alhakin hawa rufin: a Afrilu ya share ƙura da leda ya zuba bokiti a kowane bututu ya ga ya fita a ƙasa, bayan ruwan farko ya sake hawa, sannan duk mako biyu a Yuli da Agusta. Ƙofar hawa ta kasance a kulle, mukulli a hannunsa, duk mai gyaran AC ko dish da zai hau su hau tare.